Dalilin da ya sa tukunyar gas take ƙarar ruwa

Sabi'u, Larai, ku zo ku zauna. Kun girgiza tukunyar gas kun ji abu na kaɗawa a ciki, har ke Larai kin faɗa wa mata a bakin famfo cewa Tanimu mai gas ruwa yake ɗura wa mutane. Ban yi boko ba, amma dalilin da ya sa take wannan ƙarar na san shi.

Da can an yi wata mata mai 'ya'ya uku: Dutse, Ruwa, da autansu Gas. Da suka girma sai ta raba musu makwanci. Dutse inda aka ajiye shi nan yake, siffarsa ba ta canjawa. Ruwa in an zuba shi a tulu ya bi tulu, in an juye shi a ƙwarya ya bi ƙwarya, ya kwanta a ƙasa abinsa. Auta kuwa lungu ɗaya aka nuna masa. Kafin uwar ta juya ya cika ɗakin, ya bi ta ƙasan ƙofa ya leƙa na maƙwabta.

Dutse ya ce, "Inna, yaron nan bai san iyaka ba. Duk inda na juya yana nan."

Gas ya ce, "Yaya, kai yaushe ka taɓa juyawa?"

Ran nan ana girki ya je yana shawagi a bakin murhu. Wuta ta kama shi, ta bi shi har rumbu, geron gidan ya ƙone ƙurmus. Uwar ba ta yi kuka ba. Ta tafi wurin maƙeri ta sa ya ƙera mata tulun ƙarfe mai ɗan tsukakken baki. Aka tura auta ciki, aka danna, aka ƙara dannawa. Da ya rasa wurin yawo, sai ya kwanta a gindin tulun yadda ya ga yayansa Ruwa yana yi.

Ya yi kira daga ciki, "Inna, na shiryu, na zama Ruwa. Ki buɗe ni."

Ta ce, "Ƙarya kake, matsi ne ya kwantar da kai. Kaɗan-kaɗan za ka riƙa fitowa, kana dafa mana tuwo a madadin geron da ka ƙona."

Da yake ido ba ya ganinsa, ta shafa masa warin ruɓaɓɓen ƙwai, don in ya sulale a sani.

Shi ya sa har yau in kun girgiza tukunyar kuke jin kamar ruwa, in kun murɗa kanta kuma iska ce ke fitowa. Shi ɗin ne dai, a matse ko a sake.

To, tun jiya ba wanda ya taka shagon Tanimu, kuma yana da bakuna da yake ciyarwa. Larai, bakinki ne ya faɗa. Sabi'u, kana tsaye ba ka kwaɓe ta ba. Ku tashi ku je ku janye maganar nan a gaban matan da suka ji ta, ku ba shi haƙuri. In kun dawo ku ɗora mini ruwan shayi.