Jemagen da Ya Faɗo a Rawanin Sarki Tanimu

Masu riƙe da labaran mutanen dauri sun ce an yi wani gari a gindin dutse ana kiransa Tudun Kalwa. Garin ba shi da doguwar ganuwa, ba shi da mayaƙan da za a yi tutiya da su, amma yana da daddawa. Itatuwan ɗorawa sun kewaye shi ta ko'ina, matan garin kuwa in suka dafa kalwa suka rufe ta har ta yi, fatake tun daga nesa suke bin ƙamshin, ko kuwa warin, gwargwadon hancin mutum. Sarkinsu, Tanimu, mutum ne mai fara'a da son jama'a, sai dai yana da saurin fushi, yana kuma da son miya. In aka kawo masa tuwo da miyar da ba ta ji daddawa ba, ko kallon akushin ba ya yi.

A ƙofar fada akwai wani ƙaton ɗurumi, a inuwarsa ake zaman fadanci. A samansa jemagu ne cunkus, sun rataye kai ƙasa suna ta tsiwa da junansu. A gindinsa kuma wani tsohon kunkuru ke zaune mai suna Ɗan-Sannu, wanda tun zamanin kakan sarki ake jin shawararsa. Allah ya ba shi baki irin na mutane, amma bai haɗa masa da sauri ba.

Wata rana da hantsi sarki ya naɗa sabon farin rawani, ga baƙi sun zo gaisuwa daga wata ƙasa. Ana cikin gaishe-gaishe sai wani jemage ya kuskure riƙo, ya faɗo tim a kan rawanin, ya yi ta fuffuka yana birgima, sannan ya tashi ya bar wani tabo rawaya a daidai goshi. Fadawa suka sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin baƙin kuwa dariya ta ƙwace masa, ya mai da ita tari, amma kowa ya gane.

Ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Wannan halitta ba ta cikin tsuntsaye, ba ta cikin dabbobin kirki. Ba ta noma, ba ta kiwo, ba ta da aiki sai kashi da surutu. A tara itace da ɗanyen ganye. In an yi la'asar a turnuƙe su da hayaƙi, nan da duk wata bishiya da suke kwana a ƙasata. Kada in ƙara ganin ko ɗaya!"

Tun sarki bai rufe baki ba Ɗan-Sannu ya kama hanya daga gindin ɗurumi zuwa shimfiɗar sarki. Kafin ya iso dogarai sun riga sun jibge itace ya kai ƙugun mutum. Ya miƙa wuya ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Ba ceto na zo yi ba, ni ma sun sha yi mini kashi a baya. Sai dai abin nan ya tuna mini da labarin Nomau mai kabewa, in da izini."

Sarki ya ce, "Kai dai, Baba, ba ka rasa labari. Faɗi, amma ka sani la'asar ba za ta jira ka ba."

Kunkuru ya gyara zama ya ce:

An yi wani manomi, Nomau, wanda duk duniya ba abin da ya tsana kamar mai cin banza. Gonarsa tas take, ko ciyawa ɗaya ba ta kwana. Wata damina ya shuka kabewa a bayan gidansa, ta yi yaɗo har ta hau danga. Da ta fara fure sai ya lura furen iri biyu ne. Wani yana da 'yar gunda a gindinsa kamar ƙwan zabo, wani kuwa a kan siririn tsinke yake, ba komai a ƙarƙashinsa. Nomau ya riƙe haɓa ya ce, "To, ga 'yan cin banza har a cikin kabewa! Suna shan ruwana da takina, ba za su haifi komai ba." Daga ranar, kullum da sassafe, tun ƙudan zuma ba su fito ba, sai ya bi ya tsinke marasa gunda ya zuba wa akuyarsa.

Akuya ta yi ƙiba. Gundar kabewa kuwa sai ta yi rawaya, ta yamutse, ta faɗi, ɗaya bayan ɗaya. Nomau ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya zargi tsutsa, ya zargi bakin maƙwabta, duk a banza.

Ana nan sai ga taubashiyarsa Ladingo ta zo wucewa, ta same shi da kwando cike da fure. Ta ce, "Kai bawana, me nake gani haka? Sana'ar sayar da fure ka koma?"

Ya ce, "Ke dai baiwar gidanmu, ba ki san noma ba. Malalata nake cirewa don masu haihuwa su samu ƙarfi."

Ladingo ta yi dariya har ta dafa danga. Ta ce, "Wallahi ka tuna mini da Jatau da randar surukarsa."

Ya ce, "Wane Jatau kuma?"

Ta ce, "Ajiye kwandon ka ji."

Ta ce an yi wani ɗan kasuwa, Jatau, mai son a ce ya iya. Tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, aka aiko cewa uwar matarsa za ta zo ganin jikokinta. Jatau ya tafi kasuwa ya zaɓo sabuwar randa, wadda ta fi kowacce kyau, aka cika ta da ruwa aka girke a inuwa. Can ya zo dubawa sai ya ga jikinta ya jiƙe sharkaf, har ƙasar gindinta ta yi danshi. Ya ce, "Maginiyar nan ta cuce ni, ta sayar mini da mai yoyo!" Bai tambayi kowa ba, ya zubar da ruwan, ya narka kakin zuma ya shafe randar ciki da waje har tana ƙyalli. Aka sake cika ta. Ko ɗigo bai fito ba, Jatau ya yi ta yaba wa kansa.

Suruka ta iso da azahar, maƙogwaronta a bushe. 'Yarta ta ɗebo ruwa a moɗa ta durƙusa ta miƙa mata. Tsohuwa ta kurɓa, ta tsaya, ta dubi moɗar. Da yake ba a yi wa suruki magana kai tsaye, sai ta juya wajen 'yarta, ta ɗaga murya yadda mai gidan da ke laɓe a zaure zai ji, ta ce, "Ki ce da shi an gode da ɗawainiya. Har da dafa mini ruwa, sai ka ce mai jego."

'Yar ta faɗa mata abin da aka yi wa randa. Tsohuwa ta ce, "Ayya! Ki tambaye shi, in ya yi gumi iska ta buso, me yake ji? Ai sanyi. Ruwa ba ya bushewa ya bi iska sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi. Jikin randa cike yake da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa kaɗan yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, ya kwashe zafin na ciki ya tafi. Ɗan abin da take zubarwa shi ne ladan sanyin da take bayarwa. Shi kuwa ya toshe mata hanyar gumi, yana neman ta yi masa sanyi."

Ladingo ta ce, "Ka ji yadda Jatau ya gyara randa har ta daina aiki. Abin da ya kira aibi, ashe shi ne sana'arta."

Nomau ya ce, "To, ni ina ruwana da randa? Furen nan gumi yake yi?"

Ladingo ta ɗauki fure ɗaya daga kwandon, ta yage shi, ta goga masa tsakiyarsa a hanci. Ta ce, "Shafa ka gani." Ya shafa, sai ga wani gari rawaya a yatsansa. Ta ce, "Wannan da kake ba akuya shi ne namijin fure, mai gunda kuma ita ce macen. In garin nan bai isa cikin macen ba, gunda ba za ta girma ba. Fure kuwa ba shi da ƙafa. Ƙudan zuma ne ke shiga namiji neman zaƙi, gari ya manne masa a jiki, ya faɗa cikin mace ya bar shi can, bai ma san aiken da aka yi masa ba. Kai kuwa, bawana, ka kori angwaye daga gari, ka shimfiɗa tabarma kana jiran a kira ka suna."

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, Nomau ya daina tsinkar fure, ya samu 'yan kabewoyi a ƙarshen damina. Akuya ce kawai ta yi baƙin ciki. Amma har ya tsufa, in ya shiga kasuwa sai an tambaye shi lafiyar angwaye. Shi ya sa na ce, kafin a kira abu ɗan cin banza, a bincika ko yana wani aiki a lokacin da ba a kallonsa."

Sarki ya yi dariya har ya manta yana fushi, sannan ya tuna, ya ɗaure fuska. Ya ce, "Labari ya yi daɗi, Baba. Amma ni ban shafe randa ba, ban tsinke fure ba. Ƙudan zuma ya yi aikinsa, mun ji. Jemage fa, wa ya aike shi?"

Kunkuru ya ce, "Zaki, amsar tana bisa kanka. A taɓa tabon nan a gani, kashi ne?"

Sarki ya kai yatsa goshin rawani ya shafo. Ya duba, ya murza, ya sansana. Ba kashi ba ne. Gari ne mai laushi, rawaya, irin wanda aka ce ya fito a hancin Nomau.

Kunkuru ya ce, "Yanzu ɗorawa take fure, jajayen nan masu reto kamar tuntun hula. Na san sarki tun yana yaro mai hawan bishiya. Da wane lokaci furen yake buɗewa ya zubo da zaƙi?"

Sarki ya ce, "Da magariba. Mukan hau mu tsotsa, a yi ta kiranmu ana faɗa." Ya ci gaba da cewa, "Lokacin kuwa ƙudan zuma ya koma amya. Abin da nake tunawa shi ne fukafukai suna kaɗa mana iska a kunne, muna kore su suna dawowa." Ya ɗaga kai ya dubi saman ɗurumi. Ya ce, "Kai! Su ne?"

Kunkuru ya ce, "Su ne, ranka ya daɗe. Jemage dabba ne, ba tsuntsu ba, macensa haihuwa take yi ta shayar da ɗanta nono kamar akuya. Yana cusa fuska cikin fure ya lashi zaƙi, gari ya cika masa gashi, ya kai wa wata bishiyar. Ƙudan zuma yakan zo da safe ya yi kala, yana ɗan taimakawa, amma babban aikin na jemage ne. In babu shi ɗorawa za ta yi fure ta zubar, 'ya'ya sai ɗaiɗai. Babu 'ya'ya babu kalwa, babu kalwa kuwa..."

Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ka ƙarasa." Ya hango akushinsa da miya lami, ya kuma hango matan garinsa zaune gaban tukwane babu abin dafawa.

Daidai nan aka kira la'asar. Sarkin dogarai ya matso da bakin wuta a hannu yana jiran umarni. Jama'a sun cika ƙofar fada, baƙin nan ma suna kallo, kowa kuwa ya san yadda janye magana yake da nauyi a bakin mai mulki. Sarki Tanimu ya dube su, ya ce, "Kashe wutar nan. Da safe fushi ne ya yi magana, ba ni ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Itacen nan a raba wa mata masu dafa kalwa, su suka fi mu sanin amfaninsa." Sannan ya juya ga kunkuru ya ce, "Amma gani ya kori ji, Baba. A je wata ɗorawa a ɗaure wa furannin reshe guda ƙyalle yadda ba abin da zai shiga, a bar na kusa da shi a buɗe. In ka ruɗe ni ne, da kai da su za ku bar garin nan, ko da za ka shekara kafin ka kai ƙofar gari."

Aka yi yadda ya ce. Da lokacin 'ya'ya ya zo, sarki da kansa ya je gindin bishiyar. Reshen da aka bari a buɗe ya yi nauyi da dogayen 'ya'ya har ya sunkuyo. Wanda aka ɗaure kuwa sai busassun tsinkaye. Sarki ya ce, "Na yarda, Baba. Da na zama Jatau na zama Nomau a yini guda, kuma ni tawa randar gari ce sukutum."

Fadawa suka ba da shawara a mai da fadanci cikin soro, tunda jemagu ba su san girman rawani ba, ba kuma za su koya ba. Sarki ya ƙi. Washegari ya fito ya zauna a inda ya saba, da wata ƙatuwar malafa a bisa rawaninsa. Ba a jima ba kuwa aka ji wani abu ya sauka a kanta, ɗas. Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki ko ɗaga ido bai yi ba, ya ce, "Ku bar su, ma'aikata ne sun kwana aiki. A kawo tuwo."