Rinar Da Ke Ƙarƙashin Jinkar Rumbun Dallatu

Akwai wani manomi mai suna Dallatu a wani ƙauye bayan Bagwai, a shekarun nan na fari da ruwa yake ɗaukewa gero na tsaka da fitar da kai. Damina biyu a jere mutane suka shuka, suka zauna kallon sama. Rumbunan ƙauyen har ɓeraye sun ƙaura daga cikinsu.

A rumbun Dallatu dai akwai sauran dami huɗu na gero. Ba na ci ba ne, na iri ne. Iyalinsa sun sha wuni da tafasa da rama, amma ba wanda ya taɓa damin nan, domin su za a shuka idan ruwa ya sauka. In suka salwanta, babu inda zai samo wasu.

Dallatu ba mugu ba ne, amma yana da ciwo ɗaya: ba a gaya masa. Ya taɓa yin shekara biyu a birni yana goya tankin feshi a wani sito na gyaɗa. Tun daga nan ya naɗa kansa malamin ƙwari. Ko sauro ya wuce sai ya yi wa mutane bayani a kansa.

Wata rana da bazara, ƙaramar 'yarsa Zuliha ta je ɗauko kara a bayan rumbu, ta dawo tana kururuwa. Rina ta harbe ta a gefen ido, kafin azahar idon ya rufe.

Ran Dallatu ya ɓaci. Ya zagaya gida yana dube-dube, sai ya ga wasu 'yan gidajen laka manne a bangon zaure da jikin rumbu. Ya ɗauko ƙotar fartanya ya shiga farfasa su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Hure, tana zaune a inuwa tana kaɗi. Tsohuwa ce da ta dawo gidan tun rasuwar mijinta, ba ta da yawan magana.

Ta ce, "Dallatu, ba su ba ne fa. Gidan zanzaro kake rushewa. Dubi abin da ke zubowa daga ciki."

Ya duba ƙasa, ya ga matattun tsutsotsi cikin ɓurɓushin laka.

Ta ce, "Ka gani? Tsutsa yake kwasowa yana ajiye wa 'ya'yansa. Shi kaɗai yake gininsa, in ba ka matse shi ba, ba ruwansa da kai. Rina ba ta gini da laka. Gidanta toka-toka ne, mai ramuka kamar saƙar zuma, a rataye yake yana kallon ƙasa, kuma a kansa za ka same su jingim."

Dallatu ya yi dariya. "Haba Gwaggo, duk mai siririn ƙugu ai ɗaya ne. Wannan fa aikina ne, a birni na koyo."

Da yamma ya fita dakalin ƙofar gida ya shaida wa maƙwabta cewa ya gama da rina a gidansa, duk mai bukata ya zo ya koya masa.

Gwaggo kuwa sai ta ja tabarmarta kusa da randa, inda ruwa ke ɗiga a ƙasa. Ta san da zafi rina ba ta haƙura da ruwa, kuma in ta sha gida take nufa kai tsaye. Kwana biyu tana kaɗi tana bin su da ido. Duk wadda ta tashi, ƙarƙashin jinkar rumbu take shigewa.

Gwaggo ta kira Dallatu gefe, don kada ta kunyata shi gaban matarsa.

"Na ga inda suke. Suna cikin jinkar rumbu. Ka bari sai da sanyin asuba, lokacin jikinsu a mace yake. Ka kira maƙwabcinka Muntaka, ku lulluɓe jikinku da buhu, ku sa dogayen sanduna ku ɗage jinkar, ku kai ta fili can nesa. A can za ku ƙone ta. Amma kada wuta ta matso kusa da rumbun nan, Dallatu. Ka san abin da ke ciki."

Shawarar ba ta da aibu ko ɗaya. Aibunta a wurin Dallatu shi ne sai an kira Muntaka, wanda shekaranjiya yake zaune a dakali yana jin cika bakinsa.

Ya ce, "Idonki ne kawai, Gwaggo. Bari in nuna miki babu komai."

Da tsakar rana, ana zafin nan mai sa rina hauka, ya jingina tsani ya hau, ya ɗaga gefen jinka ya cusa kai. Ga shi kuwa, gida ya kai faɗin faifai, a rataye, sai motsi yake yi. Kafin ya janye kai sun same shi a leɓe da kunne da wuya. Ya rikito daga tsani yana ihu.

Ihun ya jawo maƙwabta. Da suka leƙo suka ga malamin ƙwari yana birgima a ƙasa, wani ya kasa riƙe dariya. Wallahi dariyar nan ta fi harbin yi masa zafi.

Ya miƙe ya nufi murhu, ya fizgi kara ya cinna masa wuta. Matarsa Safara'u ta saki muciya ta sha gabansa.

"Malam, iri! Irinmu yana ciki!"

"Matsa! Ɗan hayaƙi kawai zan yi musu."

Gwaggo ta yunƙura tana cewa, "Dallatu, don girman Allah," amma ƙafar tsohuwa ba ta kai ta ba. Ya riga ya cusa karan a ƙarƙashin jinka.

Jinkar da ta yi shekara biyu ba ta jiƙe sosai ba, me kuke tsammani? Nan take ta kama gaba ɗaya, ta rufta ta bakin rumbu, ta faɗa kan geron. Ruwan gidan randa ɗaya ne, rijiya kuma ta yi nisa. Maza da mata suka yi ta watsa ƙasa har suka kashe wutar, amma abin da aka zaro rabi gawayi ne, rabi kuma ya gasu. Geron da wuta ta gasa ba ya tsirowa.

Bayan la'asar Dallatu yana zaune a gindin rumbu, fuska a kumbure, ya kasa kallon kowa. Gwaggo ta zo da ƙwarya. Ɓurɓushin gidajen zanzaron da ya farfasa ta tsince, ta kwaɓa da ruwa, ta shiga shafa masa a inda aka harbe shi, yadda tsofaffi suke yi don kumburi ya ji sanyi. Da ya gane ko mene ne a ƙwaryar, sai hawaye.

Ya ce, "Gwaggo, na kashe mu. Ki yafe mini."

Ba ta ce "ai na gaya maka" ba. Ta ce, "Tashi ka jawo mini tulun da ke ƙarƙashin gadona."

Tulu ne an liƙe bakinsa da laka. Da aka fasa, gero ne cakuɗe da toka don kada ƙwari su ci. Ashe kowace kaka takan zaɓi zangarniya mafi kyau ta ɓoye, kamar yadda ta ga uwarta tana yi.

Ta ce, "Mudu ɗaya ne da ɗan kai. Ba zai cika gonar ba."

Bai cika ba kuwa. Da ruwa ya sauka, kashi ɗaya cikin uku na gonar Dallatu ya iya shukawa. Kuma Allah da ikonsa, a shekarar ne damina ta yi kyau. Kullum da safe sai ya ratsa ta cikin filin da babu komai sai ciyawa kafin ya isa inda geron Gwaggo ya yi kore shar. Da ciyawar ta yi tsawo, Zuliha ta tambaye shi me ya sa ba su shuka nan ba. Ya kalli filin ya ce, "Babanki ne bai ji magana ba."

Darasi: Kafin ka ɗaga hannu, ka tabbatar da wanda ya cuce ka, kada ka rushe gidan da bai yi maka komai ba ka bar mai harbin a saman kanka. Kuma jin kunyar minti ɗaya ta cewa "na yi kuskure" ta fi asarar damina guda sauƙi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san ba a gaya masa.