Dalilin da Ya Sa Zalɓe Ke Tsayawa da Ƙafa Ɗaya

Dalilin da ya sa kuke ganin zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a fadama, ga shi. Ku yi shiru ku ji.

A da, zalɓe bai san tsayuwa ba. Da gudu yake bin kifi, facal-facal cikin ruwa, ya wuni bai kama na kirki ba.

Wata Laraba cikin damina aka kwana ana ruwa da iska. Da safe wani masunci, Baba Tanko, ya zo duba tarunsa, sai ya tarar da ɗan zalɓe a gindin giyayya. Ya faɗo daga sheƙa, ƙafar hagu ta karye.

Uwar ta leƙo daga sama. "Baba, wasu uku na nan a sheƙa. Ba zan iya ciyar da na sama da na ƙasa ba."

Tanko ya karyo kara, ya yagi bakin rigarsa, ya ɗora ƙafar, ya naɗe masa ita sama a jikin cikinsa. Ya tsayar da shi inda ruwa ba zurfi.

"Kada ka sauke ta sai na dawo."

Ɗan zalɓe ya ce, "Baba, to me zan ci? In fadama ta janye ban yi ƙarfin tashi ba, nan za a bar ni."

"Ni ɗori na iya," in ji Tanko. Ya tura kwalekwalensa.

Kwana biyu ɗan zalɓe bai sa komai a baki ba. 'Ya'yan dinya suka wuce a jere bayan uwarsu, suna cewa, "Sannu, turke! A kawo akuya a ɗaura maka?"



Rana ta uku, da yake ba ya motsi, ruwan da ke kewaye da shi ya kwanta garau. Ƙananan karfasa suka ɗauka kara ne, suka taru a inuwarsa. Ya kai baki caraf. Ya sake tsayawa, wasu suka zo.

Damina ta yi nisa. 'Ya'yan balbela suka yi fari fat, na dinya suka fara tashi. 'Yan'uwan ɗan zalɓe suka sauko suna bin kifi da gudu, duk a rame, shi kuwa ƙirji ya cika.

Ran kwana arba'in Tanko ya dawo ya kwance ɗorin. "Taka mu gani."

Ya taka. Ya buɗe fukafukai, ya tashi ya kewaya giyayyar nan sau biyu.

"To," in ji Tanko, ya tafi.

Washegari da sassafe ɗan zalɓe ya koma wurinsa, ya naɗe ƙafar da kansa. 'Yan'uwansa suka zo. "Kai, ashe ba ka warke ba?"

"Na warke. Ku yi shiru, kuna kore mini kifi."

Suka dubi ƙirjinsa, suka dubi nasu. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗage ƙafa.

Shi ya sa har yau in damina ta kama, za ku ga 'ya'yan zalɓe jere a fadama kan ƙafa ɗaya, kuma duk lafiyarsu ƙalau.