Kwaɗon da Malam Dalhatu Ya Sa wa Kansa

Akwai wani bawan Allah a garin Gumel, sunansa Malam Dalhatu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma. Mutum ne mai son tsari, irin waɗanda ko sun yi ritaya biro ba ya barin aljihun rigarsu. In ya ce maka bayan la'asar, kafin ka shafa addu'a yana ƙofar gidanka. Aibinsa ɗaya ne: ba ya yi wa kowa uzuri.

Da ya ajiye aiki sai zaman gari ya ishe shi, ya ƙudurta komawa gidan gadonsu a Gagarawa ya kama noma. Ya kuwa samu wata gona mai kyau a can, har da rijiya a cikinta. Mai gonar, wani dattijo da ake kira Ɗantsoho, ya ce masa, "Malam, na ajiye maka har ruwan shuka. In ruwa ya sauka ban gan ka ba, akwai masu jira. Ba zan bar ƙasa ta yi damina babu iri a cikinta ba."

Malam Dalhatu ba shi da abin sayen gonar sai gidansa na Gumel. Aka ba shi shawara ya nemi dillali, ya ce Allah ya kiyaye ya ba wani ƙato la'ada a kan abin da bakinsa zai iya. Ya sa fenti ya rubuta a katanga cewa gidan na sayarwa ne, ya ɗauki hotuna ya watsa a WhatsApp.

Waya kuwa ta yi ta shigowa. Masu zuwa ne dai babu.

Ku ji yadda ake shan wahala a gidan. Duk ranar da wani ya ce zai zo gani, matarsa Safara'u za ta share tsakar gida, ta ɗaure awaki a bayan ɗaki, ta turare ko'ina, ta soya zabo saboda baƙo. Sannan ta ja mayafi ta koma gidan maƙwabciyarta Kande, tunda maza ne za su shiga har uwar ɗaka. Shi kuma Malam ya zuba babbar riga, ya hau dakali yana duban hanya.

Wani ya ce an yi masa rasuwa. Wani ya ce matarsa ta haihu. Wani da aka kira shi ya ce, "Ai ina hanya, na ma kusa shigowa gari," alhali ana jin luguden taɓarya a tsakar gidansa ta cikin wayar. Mutum ɗaya da ya cika alkawari, ya zagaya gidan, ya cinye cinyar zabo, ya kora da zoɓo, sannan ya tambaya ko ana ba da haya.

Zabin da baƙi ba su ci ba, maƙwabcinsa Ɗanjuma, mijin Kande, shi ke rufa musu asiri. Har kumatu ya fara ajiyewa. Kullum in ya suɗe hannu sai ya ce, "Allah ya kawo mai saye, Malam." Malam Dalhatu ya amsa da amin yana harararsa.

Cikin masu kira akwai wani Alhaji Abduljabbar, falken dabbobi a kasuwar Maigatari. Shi da ji ka san da gaske yake, don tambayoyinsa daban ne. Gidan yana kusa da asibiti? Akwai matakala a ƙofar ɗaki? Akwai inuwa a tsakar gida?

Ya sa rana, bai zo ba, wayarsa a kashe. Washegari ya kira, ya ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, wani uzuri ne ya taso, mahaifi..."

"Kowa ma uzuri!" in ji Malam Dalhatu, ya katse wayar.

Aka sake sa rana, aka sake yin haka. Ga zafin bazara ya kai maƙura, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma. Duk lokacin da Malam ya ɗaga kai ya ga gajimare sai gabansa ya faɗi, ya tuna gonar Ɗantsoho.

Sai Alhaji ya sake kira. "Asabar bayan azahar, in Allah ya yarda, ko ana ha-maza-ha-mata ina ƙofar gidanka."

Malam Dalhatu ya ce to, ya ajiye waya yana wani murmushi da Safara'u ba ta so ba.

Ya dube ta ya ce, "Ranar Asabar ai kina da suna a Gagarawa ko? To in za ki fita, ki ja ƙofar zaure ki sa kwaɗo ta waje, ki tafi da makulli. Ni ina ciki."

"Kana ciki kuma? Kamar kayan sata?"

"So nake ya zo ya ga kwaɗo, ya gasu a rana, ya ji abin da nake ji. Ni kuma ina leƙen fuskarsa ta kafar ƙofa. Gobe zai kira da ladabi, kuma ba zai nemi ragi ba. Ramuwar gayya ai ta fi ta gayya zafi."

"Malam, mai nema ba ya fushi. Kai ke neman mai saye, ba shi ke neman gona ba."

"Ke dai ki dawo kafin la'asar ki buɗe ni."

Ranar Asabar da safe ya leƙa ya gaya wa Ɗanjuma cewa zai tafi Sule Tankarkar gaisuwar rasuwa, ya sulale ya koma ciki. Safara'u ta ja ƙofa, ta danna kwaɗo, ta tafi tana girgiza kai. Magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Malam Dalhatu nasa har da murfi ya yi masa.

Bayan azahar kaɗan sai ga mota ta tsaya. Malam ya kashe wayarsa, ya manna ido a kafar ƙofa, daga shi sai singileti da wando, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya fito. Maimakon ya nufi ƙofa, sai ya zagaya ya buɗe bayan mota, ya tallafo wata tsohuwa ramammiya da ba ta iya tsayuwa sai da hannunsa. Sannan ya sauko da wani ƙaton rago fari, ya ɗaure shi a jikin ƙarfen ƙofar, daidai hancin Malam Dalhatu.

Dariyar Malam ta fara raguwa.

Ɗanjuma ya ji sallama ya fito, ya shimfiɗa musu tabarma a inuwar katanga. Ya ce ai mai gidan ya tafi Sule Tankarkar gaisuwar rasuwa.

"Allahu akbar," in ji Alhaji. "Rasuwa ai ba a sa mata rana. Ba shi da laifi ko kaɗan."

Tsohuwar, Inna Yelwa, ta ce a yi wa mamacin Fatiha. Suka ɗaga hannu. Malam Dalhatu a bayan ƙofa, kunya ta sa shi ma ya ɗaga, ya shafa wa mamacin da shi ya ƙirƙiro shi.

Alhaji ya ci gaba da yi wa Ɗanjuma bayani. "Gidan na mahaifiyata ne, ga ta nan. Likita ya ce a dawo da ita kusa da asibiti. Ita kuma ta ce ba za a saya mata gidan da ba ta gani da idonta ba. Duk ranar da muka shirya sai jikin ya motsa, mu ƙare a gadon asibiti. Na so in gaya wa Malam, bai taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Yau na zo ne in ba shi haƙuri da ragon nan, in kuma saya yadda ya faɗa, ba ciniki."

Jama'a, gumin da ya karyo wa Malam Dalhatu ba na bazara ba ne. Ya ɗaga hannu zai buga ƙofa, ya tuna an yi Fatiha, ya sauke. Da wane baki mutumin da ke Sule Tankarkar zai yi magana daga zaure?

Ya yi sanɗa zuwa uwar ɗaka, ya kunna waya, ya kira Safara'u yana raɗa. "Kina ina? Maza ki zo!"

"Ina tasha, Malam. Motar ce ba ta cika ba."

"Ki biya kujerun da suka rage!"

"Da me? Cincin ne a hannuna."

Kafin ya dawo zaure, rana ta cinye inuwar katanga. Kande ta fito ta kama Inna Yelwa ta shigar da ita gidansu, ta zaunar da ita gindin darbejiya, ta dama mata fura. Malam Dalhatu ya jawo turmi jikin katangar da ta raba gidajen, ya hau ya kasa kunne.

Ya ji tsohuwar ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai, rabon da in ji iska haka tun kafin ciwon nan. Yarinya, kira mini Abduljabbar."

Aka yi wa Alhaji iso ya shiga. Ta ce, "Ɗan nan, ni dai nan ya yi mini. Ga inuwa, ga ƙofar ɗaki a ƙasa. Ba na son ganin wani."

Ɗanjuma ya ce, "Inna, ni ba sayarwa nake ba. Yara dai sun daɗe suna damuna in tattara in koma Kano wurinsu. Amma maƙwabcina ne ya sa nasa a kasuwa, ban so in shiga gabansa. Bari in kira shi."

Wayar ta fara ruri a aljihun Malam, yana kan turmi. Ya danne ta da sauri har ya kusa kifowa, ya kashe ta gaba ɗaya.

"Ya katse," in ji Ɗanjuma. "Wataƙila suna maƙabarta."

"Allah sarki," in ji Alhaji. "Ni dai ba zan sake jijjiga tsohuwar nan a hanya ba. In ka yarda, a yi ta yau."

Ɗanjuma ya nemi a jira har la'asar, ko Allah zai dawo da Malam. Aka jira. Malam ya sake kunna waya ya kira Safara'u, ta ce sun taso amma taya ta fashe, direba ya tafi neman faci. Ya ce mata ƙarya take, ta ce to ya zo ya gani.

Da aka idar da la'asar, Ɗanjuma ya taho da liman da wani dattijo daga masallaci don shaida. Suka zauna a ƙofar gida. Malam Dalhatu ya ji ana ta magana ƙasa-ƙasa, sai kuma ya ji muryar Ɗanjuma sarai: "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Nan kunya ta ƙare. Ya jawo tsani ya jingina da katangar waje, ya haye da gudu. Yana ɗora ƙafa a kai tsanin ya zame ya faɗi cikin gida. Ga tsohon ma'aikaci a kan katanga kamar mai hawan jaki, da singileti, babu hula, yana ihu, "Ku dakata! Ga ni! Ina nan!"

Kowa ya ɗaga kai, ko addu'ar cinikin ba a gama shafawa ba. Liman ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam Dalhatu, ashe Sule Tankarkar ta matso kusa haka?"

Sai da Ɗanjuma ya kawo nasa tsanin aka sauko da shi. Malam ya kama hannun Alhaji yana rantsuwa gidansa ya fi girma, ya fi sabon kwano, a zo a gani. Aka duba, ƙofa da kwaɗo, makulli yana hanyar Gagarawa.

Liman ya ce, "Malam, ka fi ni sani. An sallama a gaban shaidu, ba a ciniki a kan ciniki."

Alhaji Abduljabbar bai ce masa ko kanzil na ɓacin rai ba, abin da ya fi yi wa Malam ciwo ke nan. Kwance ragon ya yi, ya miƙa masa igiyar. "Wannan naka ne tun daga gida. Na saɓa maka alkawari, ka yafe mini."

Da aka fito da Inna Yelwa za a sa ta a mota, ta tsaya ta dube shi. "Ɗan nan, wanda ya rasu ɗin, namiji ne ko mace? Don in san yadda zan sa shi a addu'a."

Malam Dalhatu ya sunkuyar da kai. "Babu wanda ya rasu, Inna."

"To alhamdu lillahi," in ji ta. "Fatiha ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ka riƙe abarka."

Dab da magariba Safara'u ta iso, ledar cincin a hannu, iska mai sanyi tana kaɗa mata mayafi. Ta tarar da shi a kan dakali riƙe da igiyar rago, ya ari hular Ɗanjuma. Ta fara cewa, "Malam, ka yi haƙuri, wallahi motar ce..."

"Na sani," ya ce a hankali. "Uzuri ne. Buɗe mana ƙofa."

Ba ta gama murɗa makulli ba ruwa ya tsuge, irin mai ƙamshin ƙasa da manoma ke jira. Duk unguwa ana murna, yara na tsalle a titi. Malam Dalhatu ya tsaya a bakin zaure yana kallonsa, hawaye suka cika masa ido, don ya san abin da ruwan nan ya tafi da shi.

Washegari da hantsi Ɗantsoho ya kira. Malam ya saurare shi har ya kai aya, bai katse ba. Gonar dai wani ya riga ya fara shuka a cikinta.

Darasi: Idan mutum ya saɓa maka alkawari, bar shi ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka yanke masa hukunci, don ba ka san abin da ya tare shi a hanya ba. Wanda kuma yake nema, haƙuri ne jarinsa. In ya rufe ƙofa don ya ƙuntata wa wani, yana iya wayar gari shi ne a kulle arzikinsa a waje. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu saurin katse waya.