Takalmin da Farashinsa Ke Sauka da Kansa

Akwai wani baduku, jama'ar wannan shafi, da kowa ke kira Ɗan Gado, saboda shagon takalmin da yake taƙama da shi a wajen mahaifinsa ya gaje shi.

Ɗaki biyu ne a bakin titi. Na gaba na jera kaya, na baya na aiki. A na bayan akwai wani baƙin keken ɗinkin fata mai nauyin tsiya, wanda marigayin ya yi shekara talatin yana takawa, har fedar ta lotsa daidai ƙafarsa.

A faɗi gaskiya, Ɗan Gado ya iya aiki. Takalminsa sai dai ka gaji da shi ka bayar, amma ba ya yagewa. Ciwonsa guda ne: in ka tambaye shi, tunda aka haife shi bai taɓa yin kuskure ba.

Ma'aikatansa huɗu. Babbansu wani dattijo ne da ake kira Baba Mai Yanka, wanda tun zamanin marigayi shi ke yanka fata a shagon.

Ƙanwarsa Auta ta karanci kwamfuta, ita ta buɗe masa shafin ciniki a intanet. Ba a jima ba mutanen ƙasashen waje suka fara leƙowa, kuma tambayarsu ɗaya ce: nawa ne da dala? Kowane saƙo sai Ɗan Gado ya kira mai canji, kafin ya ba da amsa mai saye ya kama gabansa.

Wata Asabar Auta ta zo da kwamfutarta, ta ture tarkacen fata daga kan teburi ta zauna. Kafin azahar ta gama.

"Yaya, zo ka gani. Farashinka na nan da kuɗinmu, dubu ashirin. Shafin zai duba canjin ranar da kansa, ya nuna wa na waje da dala. Ka ga yau dala arba'in ya nuna."

Ɗan Gado ya washe baki. "Lallai kuɗin makarantarki bai tafi a banza ba."

"Amma da sauran magana," in ji ta. "Wannan abin lissafi kawai ya iya. Ranar da kuɗinmu ya faɗi, zai rage dalar da kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Tafin takalmi da gam daga waje ake kawo su, dala goma suke ci. Kamfanin aike dala sha biyar yake karɓa, kuma ka ce kada a caji mai saye. Gara mu kafa farashin a dala arba'in, kuɗinmu ya riƙa binsa."

Nan take murmushin ya ɗauke.

"Da kuɗin ƙasar nan Baba ya sayar da takalmi har ya koma ga Allah. Ba za a rubuta min farashi da kuɗin wasu a shagonsa ba. Ki bar shi yadda yake."

Auta ta bar shi. Me za ta ce? Yayanta ne, shagon kuma nasa.

Wata uku abubuwa suka tafi lafiya lau. Sai kuɗin ƙasar ya fara zamewa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Shafin kuwa bai yi ƙarya ba, aikin da aka sa shi yake yi. Dala arba'in ta koma talatin da biyar, ta koma talatin.

Mutanen waje ba wawaye ba ne. Takalmin fata ɗinkin hannu, a kawo maka har ƙofa, a dala talatin? Oda ta fara shigowa ba ƙaƙƙautawa.

Ku zo ku ga Ɗan Gado a lokacin. Ya ƙure ƙarar wayarsa don duk layin su ji shigowar alat. Tafiyarsa ma ta canza. Mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shi ya fara kiransa Na Ƙetare, shi kuwa har wani gyara wuyan riga yake yi.

Bai taɓa zama ya raba kuɗin ba. Asusu a cike yake kullum, don kuɗin masu sabuwar oda ke biyan aiken masu tsohuwa.

Ranar da shafin ya nuna dala ashirin da biyar, Auta ta baro ofis da tsakar rana ta shigo ɗakin aiki da takarda a hannu. A nan ta yi nata kuskuren, don a gaban ma'aikata ta yi maganar.

"Yaya, don Allah ka duba. Goma da sha biyar nawa ke nan? Ashirin da biyar. Fata fa? Albashin su Baba Mai Yanka fa? Kyauta kake raba takalmi, har da cikon kuɗi daga aljihunka."

Keke ya tsaya. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Ke Auta, ni kike koya wa sana'a? Ina goya ki a shagon nan kina min fitsari a baya. Yanzu da duniya ta san ni, so kike in ƙara kuɗi su watse?"

"Ba za su watse ba, Yaya. Minti biyu kawai ka ba ni."

"Ba ni lambar sirrin shafin."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. Ta rubuta masa a bayan takardar lissafinta ta fita, idonta ya ciko. Da yamma ya sa mai gyaran waya ya canza lambar, don kada ta shiga ta taɓa masa komai.

Bayan kwana biyu Baba Mai Yanka ya same shi shi kaɗai.

"Ɗana, ni ban san dala ba, ko a mafarki ban taɓa riƙe ta ba. Amma na san gwangwanin gam. Da kuɗin takalmi ɗaya muke sayensa, yanzu sai na biyu. Ka kira yarinyar nan."

"Baba, kai dai yanka fata. Ka bar min harkar waje."

Dattijon ya ce to, ya koma kan almakashinsa.

Sai ga abin da Ɗan Gado ya ɗauka shi ne buɗin da yake jira. Wani mai saye ya ɗauki bidiyon takalmin ya yaɗa, yana cewa bai taɓa ganin araha irin wannan ba. A ranar shafin dala ashirin yake nunawa. Cikin kwana goma oda ɗari uku ta shigo, kowa ya biya, kuɗin kuma suna faɗowa asusu an riga an juya su zuwa kuɗin gida.

Miliyan shida. Ɗan Gado bai taɓa ganin irinsu a wayarsa ba. Har nama ya saya wa ma'aikata.

Washegari ya je wajen dilan tafin takalmi. Dila ya danna na'urar lissafi ya juyo masa da ita. Ɗan Gado ya ce ya sake dannawa. Ya sake, lambar ba ta canza ba. Daga nan ya wuce kamfanin aike, wata ma'aikaciya ta gaya masa kuɗin kwali ɗari uku a canjin ranar, tana murmushi irin na aiki.

A bakin ƙofarsu ya tsaya ya haɗa lissafin da Auta ta yi masa tun da farko. Kuɗin da ke hannunsa ba za su kai ko'ina ba, tun ba a zo maganar fata da albashi ba. Gumi ya karyo masa, ga shi ko rana ba a yi sosai.

Da ya koma shago ya buɗe shafin da niyyar ƙara farashi. Shi da bai taɓa shiga cikinsa ba sai don kallon oda. Ya danna nan, ya danna can, bai ga inda ake canzawa ba. Mai gyaran waya ya leƙa ya ce shi gilashi da batir ya sani.

Ya nemo lambar Auta, ya kalle ta, ya mayar da wayar aljihu. Wallahi abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan ke nan. Sati biyu cur yana wannan, oda na ƙara shigowa, kuɗi na ƙara faɗuwa. Ƙarar alat da yake taƙama da ita ta koma faɗuwar gaba, har ya kashe ta gaba ɗaya.

Sai da kamfanin da ke karɓar masa kuɗi ya rufe asusunsa saboda ƙorafin waɗanda ba su ga kayansu ba, sannan ya tafi gidan Auta. Ya tsaya a ƙofar falo kamar baƙo.

"Auta, ki gyara."

Ta karɓi lambar, ta buɗe, ta danna. Ko minti biyun da ta roƙa ba a cika ba.

"Na gyara na gaba, Yaya. Na baya ba ya gyaruwa. Duk wanda ya biya, ko ka aika masa takalminsa, ko ka mayar masa da dalarsa a canjin yau."

"Ba wata dabara a cikin kwamfutar?"

"Babu."

Ta kawo ɗan abin da ta tara, ta sayar da sarƙarta ta ƙara. Bai toshe ko rubu'in ramin ba. Ma'aikata uku suka tafi da bashin albashin wata biyu. Aka sayar da kantocin jera kaya, aka sayar da ragowar fata. Mai ginin da shagon ke haya a ciki ya ba da wa'adin wata ɗaya. Daga ƙarshe babu abin da ya rage mai daraja sai baƙin keken.

Ranar da mai sayen keken ya zo da mota, ƙarti huɗu ne suka cicciɓe shi. Baba Mai Yanka ya ce su dakata. Ya sa hannu ya shafa lotsawar fedar, ya yi wa marigayi addu'a, sannan ya matsa gefe. A ƙasa, inda keken ya shekara talatin da wani abu, simintin ya fi sauran ɗakin haske.

Ɗan Gado na tsaye a nan wayarsa ta yi motsi. Saƙo ne daga waje, dogo. Ya miƙa wa Auta.

"Karanta min. Wani zagin ne ko?"

Ta karanta a zuci.

"Ki faɗa mana."

"Wata mata ce, Yaya. Ta ce mijinta bai taɓa sa takalmi mai kyau irin naka ba. Ta ce ta yi mamakin arahar, don ko dala sittin ka ce za ta biya ba ciniki. Tana tambaya yaushe za ka ɗinka wasu, tana son ƙafa biyar."

Ɗan Gado ya juya ya kalli titi. Motar ta riga ta sha kwana. Ya zauna a ƙasa, daidai wurin keken, ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Yau yana gaban wani kanti da ɗan akwatinsa yana ɗinke takalman mutane da allura. Shafin na nan, farashinsa daidai, dala arba'in, sai dai a ƙarƙashin kowane hoto an rubuta kaya sun ƙare.

Darasi: Na'ura lissafi take yi, ba ta san wahalarka ba, kuma yawan ciniki ba shi ne riba ba. In wanda ya fi ka sanin abu ya ja kunnenka, ko goyonka ne, ka saurare shi tun gyaran na minti biyu ne. Girman kai ba ya biyan kuɗin aike. Ku tura wa duk wani mai sana'a da kuka sani, wataƙila akwai wanda har yanzu kekensa na cikin ɗaki.