Bangon Ramin Celestine

Akwai wani malamin jami'a mai suna Celestine, ɗan wajen Manchok, da ke sashen tonon kayan tarihi. A 1976 aka ba shi jagorancin tono a wani kwari kusa da Kafanchan, inda manoma ke tsintar kawunan gumakan laka. Kafin shi Turawa ne ke jan irin wannan aiki, sai kansa ya kumbura.

Cikin leburorinsa har da yayansa Kumai, wanda ya shekara ashirin yana haƙar kuza.

A aikin su Celestine, bangon rami a miƙe ake yanka shi, don a zana yadda ƙasa ta hau kan ƙasa. Su kuwa masu kuza hawa-hawa suke yanka nasu, don kada ya rufta. Da rami ya wuce tsayin mutum biyu, ruwan fari ya sauka. Washegari Kumai ya shafa bangon, ya ja ƙaninsa gefe, ya ce ƙasar ta sha ruwa, a faɗaɗa bakin ramin kafin kowa ya shiga.

To, ga goshin wani gunki ya leƙo a ƙasan ramin, ga shugaban sashe zai zo jibi. Celestine ya ɗaga murya a gaban ɗalibai.

"Yaya, wannan ilimi ne, ba kuza ba. In tsoro kake ji, ka koma gona."

Kumai ya hana sauran leburori sauka, ya ɗauki cokalin tono ya shiga shi kaɗai. Ya ciro kan gunkin lafiya lau, ya sa a kwando aka ja sama. Yana taka tsani bangon ya rufto.

Wayyo, da hannu Celestine ya riƙa tono har faratansa suka fita. Sai la'asar suka kai gare shi, rai ya yi halinsa.

Ranar jana'iza, bayan fasto ya rufe addu'a, Hellen matar Kumai ta tsaya gabansa da yara biyar. Ba ta yi kuka ba.

"Da safen nan ya gaya mini ramin zai rufta," in ji ta. "Na ce kada ya je. Ya ce in bai shiga ba, kai za ka shiga."

Darasi: Takarda ba ta raina gogewa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ka saurare shi tun yana da bakin magana. Ku tura wa wasu su amfana.