Gafiya da Tsagar Madatsa

Ga ta nan, ta iso ƙofarku.

Ta shigo mu ji ta.

Dabbobin dawa suka gina madatsar ruwa, suka kafa doka: ba mai sauya ko dunƙulen laka sai Kunkuru mai awo ya auna, Hawainiya ta buga hatimi.

Gafiya maginiya ce, raminta da jariranta suna gindin madatsar. Ran nan ta ga tsaga taƙi ɗaya, ta nemi izinin toshewa da dutse. Kunkuru ya yi kwana uku yana awo. Hawainiya ta yi huɗu kafin ta sauke ƙafa a kan takarda.

Gafiya ta sungumo dutse, sai Kunkuru ya tare ta: "Izinin taƙi ɗaya aka ba ki. Wannan ta kai kamu biyu. Sake nema."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yana suna ƙasa."

Ya ce, "Shi ya sa ba a gaggawa."

Sau uku tana nema, kullum tsagar tana riga izini girma. A na huɗu, Hawainiya ta kawo takardar da kanta. Ta tarar da Gafiya a kan tudu ita kaɗai, jiƙe sharkaf, tana kallon ruwa.

Hawainiya ta ce, "Albishirinki, an amince."

Ƙurunƙus kan ɓera. Sauran labarin, ruwa ya tafi da shi.